Yadda Ake Karanta Tambarin Ƙauye a Jamus

Na sha ganin ɗalibanmu da suka je karatu Jamus sun tsaya gaban tambarin wani ƙauye suna fassara shi da ka. Kusan kullum wuri ɗaya suke tuntuɓe, wato su ɗauka duk abin da ke cikin garkuwar da aka zana tambarin a kai hoton sana'ar garin ne.

Fara da gane dama da hagu. Ana lissafi ne daga wanda ke riƙe da garkuwar, saboda haka damansa ita ce hagunka, kuma abin da aka sa a wannan ɓangaren ya fi daraja.

Sai launi. Rawaya zinariya ce, fari azurfa, kuma ƙa'ida ita ce ba a ɗora ɗayansu kan ɗaya, ko ja kan shuɗi. Kada ka ɓata lokaci da masu cewa ja jarumta ne, kore bege. A ƙauyukan nan launi yawanci aro ne daga tambarin wanda ya mallaki ƙasar a da.

Nan ne aikin yake. Kafin ka ce komai, tambayi wa ya mulki ƙauyen. Ka ga farar ƙafar amalanke mai sanduna 6 a kan ja? Ba garin masu amalanke ba ne. Alamar babban limamin cocin birnin Mainz ce, wanda ya riƙe ƙasa kamar sarki har 1803, shi ya sa za ka ganta a ƙauyukan yankin Eichsfeld da na kewayen birnin Aschaffenburg. Ƙananan murabba'ai masu karkata, fari da shuɗi, na gidan sarautar Wittelsbach ne na Bavariya. Mabuɗi kuma ba na rumbu ba ne. Galibi yana nuna cocin garin na waliyyi Bitrus ne. Wanda ya tsallake wannan matakin, duk abin da ya faɗa daga baya zato ne. Ni ban yarda a buɗe baki kan tambari ba sai an san tsohon ubangidan ƙauyen. Ba sai ka sayi littafi mai tsada ba, ofishin hukumar garin na da bayanin a rubuce.

Bayan haka ka duba suna. Wasu tambura wasa ne da sunan gari, kamar Hensbroek a maƙwabciya Holan, inda aka zana kaza da wando domin haka sunan yake faɗuwa a kunne a harshensu.

Abin da ya rage shi ne na ƙasa da sana'a. Layi mai lanƙwasa kogi ne, kamar farin layin Neja da Binuwai a tambarin Najeriya. Guduma biyu a gicciye haƙar ma'adinai, zangarniya noma. Ƙirga taurari ko zangarniyoyin, don sau da yawa adadin ƙauyukan da aka haɗe ne a gyaran ƙananan hukumomi na shekarun 1970.