Wanke tafkin ninkaya da asid: yadda ake yi ba tare da an cinye filasta ba

Asid kankare saman filasta yake yi, ya tafi da tabon tare da ɗan siririn siminti. Don haka ba aikin kowace shekara ba ne, kuma ba a yi wa tafkin da aka shimfiɗa da leda ko na faiba, sai na siminti.

Kafin a zubar da ruwan, a gane irin tabon. A goga ƙwayar bitamin C a kai: in ya dishe, tsatsar ƙarfe ce. In kuwa ƙwayar kilorin, sinadarin tsabtace ruwa, ce ta ɗauke shi, gansakuka ce ko ruɓaɓɓen ganye, wannan ba ya bukatar asid.

A zuƙe ruwan da inji, amma ba bayan ruwan sama mai yawa ba. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yana iya cicciɓo tafkin da babu komai a cikinsa, ya tsaga shi. A buɗe matosan da ke ƙasan tafkin domin ruwan ƙasa ya sami mafita.

Asid ɗin shi ne haidirokilorik. A butar ban ruwa ta roba ake haɗawa, kashi ɗaya na asid, ɗaya ko biyu na ruwa. Ruwa ake fara zubawa, sannan asid. In aka zuba ruwa a kan asid, zai iya tafasa ya fantsamo fuska. Safar hannu, takalmin roba, tabarau da takunkumin tace hayaƙin asid duk dole ne, domin hayaƙin a wuri mai zurfi yake taruwa. Kada kilorin ya kusanto wurin: haɗuwarsu iskar guba ce.

A jiƙa bango da tiyo, a zuba haɗin asid ɗin daga sama zuwa ƙasa, faɗin kamar mita ɗaya. Zai yi kumfa yana tsuwa. A goge da buroshi, a ɗauraye kafin daƙiƙa 30 su wuce. Wanda ya tsaya jira, sai filasta ta yi kaushi kamar sandifefa, ta riƙa kuje ƙafafun masu iyo. A bar tiyo yana gudu a ƙasa, in ba haka ba asid zai zana hanyar da ya bi.

Abin da ya taru a zurfi a watsa masa garin soda ash, mai kashe ƙarfin asid, kimanin kilo 1 ga kowace lita 4 ta asid, har kumfa ta daina, sannan a zuƙe.

A cika tafkin nan take ba tare da tsayawa ba, domin inda ruwa ya tsaya zobe yake bari a bango. A daidaita pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.6.