Kurakuran da ke ƙarasa rumbun ajiyar kwamfuta bayan ya fara ciwo

Na gaji da ganin ana kawo mini kwamfutar tafi-da-gidanka bayan an riga an yi mata illa, domin yawancin fayilolin da ke salwanta, abin da mai su ya aikata bayan ya ga alamar farko ne yake hallaka su.

Kuskure mafi yawa shi ne ci gaba da kunnawa da kashewa ana fatan za ta warware da kanta. A cikin rumbun ajiya irin na da akwai faifai da ke juyawa, galibi sau 5400 a minti ɗaya, da allurar karatu da ke shawagi a samansa da tazarar da kaurin gashi ya ninka ta sau dubbai. Idan ka fara jin ƙas-ƙas yana maimaituwa, mai yiwuwa allurar ce ta sami matsala, kuma duk kunnawa na iya kankare fuskar faifan inda bayananka suke. A wannan hali kashe ta, ka nemi ƙwararrun da ke da ɗakin da ƙura ba ta shiga. Idan kuwa nauyi kawai take yi tana maƙalewa, duba lafiyar rumbun da manhajar CrystalDiskInfo, in ta nuna launin rawaya ko ja, ka daina aiki a kansa nan take.

Na biyu shi ne wanda har yanzu yake ƙona mini rai, wato gaggawar gyara kafin a kwafe. Na taɓa kai tawa wurin wani mai gyara, na faɗa masa da bakina cewa fayilolin ciki nake so. Da na koma da la'asar sai ya tare ni da fara'a yana cewa, "Yallaɓai, ta dawo sabuwa fil." Ashe ya goge rumbun ya ɗora sabon Windows a kan hotunan marigayi mahaifina da rubuce-rubucen da na daɗe ina tarawa. Kaɗan na iya cetowa, domin abin da aka rubuta wani abu a kansa ba ya dawowa. Masu gyara, ku ji tsoron Allah, ku tambayi mutum abin da ke cikin na'urarsa kafin ku taɓa ta! Haka kuma chkdsk, umarnin Windows na bincika rumbu da gyara kurakuransa, da kowa ke ba da shawara a kai, yana tilasta wa rumbu marar lafiya aikin sa'o'i, kuma yana sauya tsarin fayilolin ta yadda ba za a iya mayar da shi ba.

Al'adata ita ce in ciro rumbun, in haɗa shi da wata kwamfuta mai tsarin Linux a maimakon Windows, in ɗauki cikakken kwafinsa da ddrescue zuwa wani rumbu mai lafiya wanda girmansa bai gaza na marar lafiyar ba. Wannan manhaja tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, sannan ta dawo kan masu wuya, kuma tana rubuta inda ta tsaya a wani ƙaramin fayil, saboda haka ko an ɗauke wuta za ka ci gaba daga nan. Ka tabbatar sau biyu wane rumbu ne tushe, wane ne mai karɓa, domin juya su yana shafe komai. A kan kwafin ne nake sakin manhajar ceto fayiloli ta TestDisk ko PhotoRec, ko da yake PhotoRec yana dawo da fayiloli ba tare da sunayensu na asali ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sauke manhajar ceto irin Recuva a kan rumbun da kake son cetowa, kuma kada ka ajiye abin da ka ceto a cikinsa. Saka rumbu a firiji danshi kawai yake jawo masa, bubbuga shi kuwa ɓarna ce. Kada ka kwance murfinsa a shago, balle lokacin hunturu da ƙura ta cika gari. Idan an kulle rumbun da BitLocker, wato tsarin kulle bayanai na Windows, nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 a asusunka na Microsoft tun kafin ka fara, domin in babu shi kwafin da ka ɗauka ba zai buɗu ba.