Kurakuran da masu son barin aiki ke yi idan gwiwa ta yi sanyi

A cikin wata biyun nan mutum uku suka zo mini da magana iri ɗaya, biyu a ƙofar gida bayan isha'i, ɗaya ta waya: "Yaya, ni fa aikin nan ya fita daga raina, ina ga tun farko ma ba layina ba ne." In ka tona kaɗan, sai ka tarar kweri aka ba shi, ko an ɗauko na ƙasa da shi an ɗora masa a ka, ko oga ya yarfa shi a gaban mutane. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a kan tabarma, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure shi ne yanke hukunci alhali zuciya na tafasa. Wannan ni ya fara kayarwa. Shekara shida na yi a sashen kuɗi na wani kamfani, ba wanda ya taɓa kuka da aikina. Sai aka kawo sabon manaja. Na yi kuskuren lissafi guda ɗaya a rahoton ƙarshen wata, ya ɗauki takardar ya karanta ta a gaban ma'aikata, har da yaran da ni na koya wa aiki. Daga ranar nan hannuna ya fara rawa. Lissafin da a da nake yi da ka, sai in buga shi a kalkuleta sau uku ban yarda da amsar ba. In na ji takun mutumin a baranda gabana ya faɗi. Cikin wata huɗu na gama shawo kan kaina cewa ni dai ban iya akanta ba, sa'a ce kawai ta riƙe ni duk shekarun nan. Wata Alhamis na rubuta takardar ajiye aiki, na miƙa, na fita ko waiwaye ban yi ba.

Takardar ɗaukata aiki ta ce sai na ba da sanarwar wata ɗaya ko in biya albashin wata ɗaya, ban ko tuna da ita ba, suka cire kuɗinsu daga haƙƙina. Takardar shaidar aiki kuwa, da wane ido zan koma in nema? Abin da ya fi yi mini ciwo har gobe: ba a rufa shekara ba aka ɗauke manajan nan daga reshen. Na bar sana'ata saboda mutumin da shi ma baƙo ne a wurin.

Abin da nake sa duk wanda ya zo mini ya yi ke nan. Ya ɗauki takarda ya raba ta biyu: gefe ɗaya abin da ya tsana a wurin aikin, ɗaya gefen abin da ya tsana a aikin kansa. In gefen farko ya cika da sunan mutum ɗaya, na biyun kuma fayau, to canjin sashe ko canjin ma'aikata yake bukata, sana'arsa lafiyarta ƙalau. Ya karɓi hutunsa na shekara tukuna, ya yi barci, ya yi istihara. Ni dokata kwana arba'in: kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki sai ta kwana arba'in a aljihunka. Shawara kuma ka nema wajen wanda ke irin aikinka a wata ma'aikatar, ka bar abokin da zai taya ka fushi.

Kuskure na biyu shi ne sakin reshe a kama ganye, wato kwashe duk abin da aka tara a zuba a sana'ar da ba a taɓa koya ba. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki kafin ya kai shekara 50 damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, in ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Na cire nawa, na haɗa da kuɗin babur ɗina, na sayi masara da kaka don in ajiye ta yi tsada. Ban san ana gutsirar ƙwaya da haƙori a ji ko ta bushe ba. Ban san ba a jibge buhu a kan daɓe ba tare da katako a ƙasa ba. Da na buɗe sito, ruma ta kama na ƙasa, ƙwari sun shiga na sama. Na sayar a ƙasa da yadda na saya, ga kuɗin hayar sito, ga na 'yan dako.

Ku ji tsoron Allah da dukiyar iyalanku, 'yan boko! Yaron da kuke gani a Kantin Kwari ko Dawanau yana juya miliyoyi, shekaru ya yi yana share shago yana ɗaga wa ubangidansa kaya kafin a yarda ya faɗi farashi. Kai kuma don kana da digiri kake tsammanin za ka iya cikin sati biyu? Ko 'yan kasuwar da suka tsufa a harkar hatsi, da yawansu sun ji jiki da farashi ya faɗo a 2025 bayan tashin da ya yi a 2024, balle kai da ka shigo jiya. Haka masu cewa za su buɗe POS, alhali layinsu kaɗai akwai lema uku. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ni yanzu abin da nake cewa: tun kana karɓar albashi ka nemi ubangida a sana'ar da kake so, ka ba shi Asabar ɗinka ta wata shida, ka zauna a benci ka sa ido. Ranar da za ka fara, kada ka zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka. Kada kuma ka fita sai kana da abincin gida da kuɗin makarantar yara na wata shida a gefe, a lissafin farashin yau, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 tsohon lissafi ya daina aiki.

Akwai abin da ba wanda ya gaya mini: sanyin gwiwa ba ya zama a ofis, biyo ka yake yi. A kasuwa ma ban iya tsayawa a kan farashi ba, dillali na ɗaga murya sai in sallama, don na riga na daina yarda da kaina. Abin da ya dawo mini da ita ƙarami ne. Wani Alhaji mai sayar da shinkafa ya roƙe ni in duba masa littafin bashinsa, na zauna yini biyu na gano masa kuɗin da ya ɗauka sun salwanta. Yau aikina ke nan, riƙe wa 'yan kasuwa littafi. Ilimin da na gudu na bari shi nake ci da shi.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka ɓoye wa matarka, ke ma kada ki ɓoye wa maigida; wanda zai sha wahalar tare da kai ya cancanci ya ji tun kafin a miƙa takarda. Kada ka zazzage fushinka a Facebook ko sitatus na WhatsApp, masu ɗaukar aiki suna gani. Ma'aikacin gwamnati ya fara tambayar hutu ba albashi kafin ya yi maganar murabus. In kana cikin adashen ofis ko da bashin ƙungiyar ma'aikata a kanka, ka warware shi, in ba haka ba daga haƙƙinka za a zare. In ma'aikata ce ke biya muku inshorar lafiya, ka tambayi ranar da za ta tsaya. Tara satifiket na kwasa-kwasan intanet guda biyar ba tare da ka yi wa kowa aiki da ko ɗaya ba, ɓata data ne.

In kuma ka je intabiyu aka tambaye ka dalilin barin wancan wurin, kada sunan tsohon ogan ka ya fito daga bakinka. Ka faɗi shekarun da ka yi, abin da ka iya, da abin da kake son ƙarawa a kai, ka yi shiru ka jira tambaya ta gaba.