Yadda za ka wallafa gudunka na dogon zango ba tare da an ƙaryata ka ba

Duk ɗan tseren da ya fara tara mabiya a TikTok ko Facebook, wata rana sai an tambaye shi: "Anya kai ka gama gudun nan cikin wannan lokacin?" Bidiyon gumi ba ya amsa tambayar nan. Abin da agogonka ko wayarka ta naɗa shi ne shaidarka.

Kafin ka ɗaga ƙafa, ka kunna GPS, wato abin da ke bibiyar hanyarka a agogo ko waya, ka tsaya a fili kamar minti ɗaya ya kama sosai. A lungunan cikin birni, irin na wajen kasuwar Kurmi a Kano, gine-gine kan karkatar da layin da GPS ke zanawa, sai manhaja ta ƙara maka nisan da ba ka yi ba. In kana son awo na gaskiya, ka nemi filin tsere irin na Sani Abacha a Ƙofar Mata: zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, zagaye 25 kilomita 10 cif.

In za ka ɗora a Strava, manhajar da 'yan tsere ke wallafa bayanan gudunsu, kada ka ɓoye bugun zuciya da yawan taku. Nan masu bincike suke fara dubawa. Mai gudu yakan yi taku wajen 160 zuwa 180 a minti. Idan saurin ya haura kwatsam, taku ya ɓace, bugun zuciya ya sauka, kowa ya san abin hawa ne. A 2023 Joasia Zakrzewski ta zo ta uku a tseren mil 50 daga Manchester zuwa Liverpool, daga baya aka gano ta shiga mota na kusan mil biyu da rabi. Aka dakatar da ita wata 12. Saboda haka in ka gaji ka tare Adaidaita Sahu, ka tsayar da agogo tukuna. In ka manta, ka yanke wannan ɓangaren kafin ka wallafa.

A gasa kuwa, lokaci iri biyu ne: wanda ake ƙirgawa daga tashin bindiga, da wanda na'urar jikin lambar da ka maƙala a riga ta ɗauka daga sanda ka taka layin farawa. Ka faɗi wanne ka rubuta. Tseren maraton kilomita 42.195 ne, amma agogo kan nuna fiye da haka saboda kwana da kauce wa mutane, to kada ka zargi masu shiryawa. Lambarka kuma ba a ba wa aboki aro.

Ɗaukar hoto ma yana da iyaka. A tseren New York na 2024 an soke sakamakon Matt Choi, aka kuma hana shi shiga gasar masu shiryawar, don wasu sun bi shi a kekunan lantarki suna ɗaukarsa a tsakiyar 'yan tsere. Mai ɗaukarka ya tsaya a gefen titi.

Ka saita manhajar ta ɓoye farkon hanyarka da ƙarshenta, musamman ke 'yar'uwa, don taswirar na nuna ƙofar gidanku. Kuma don Allah kada neman mabiya ya fito da kai gudu da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Bayan Asuba ya fi, da ledar ruwa aƙalla guda kowace awa.

Idan an zarge ka, ka ɗora cikakken bayanin gudun tare da shafin sakamako na masu gasar. In kuskuren naka ne, ka gyara a ranar, ka faɗi abin da ya faru.