Jinyar yaro mai galahanga a asibiti

Kafin in taɓa yaro mai larurar galahanga (wato autism, larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), uwarsa nake fara tambaya: me ke firgita shi, kuma yaya yake nuna ciwo? Wani ba ya kuka, sai jijjiga jiki ko cizon hannu. Ke ma'aikaciyar jinya, in ba ki tambaya ba, sai ki ɗauka rigima ce.

Ki nema masa gado nesa da ƙofa da ƙarar na'urori, ki rage fitila. Abin da ya riƙe kuwa, ko murfin kwalba ne, bar masa kayansa.

Awon zafin jiki ma sai da dabara. Nakan sa ma'aunin a hammatar uwarsa yana kallo, sannan in ce, "Saura kai." Magana gajera, ki jira kamar daƙiƙa 10 kafin ki maimaita. Na taɓa yin garaje na kama hannun wata yarinya ban gaya mata ba. Ranar ko magani ba ta sha ba.

Kada ki ce allura ba zafi. Ce masa da zafi kaɗan, ku ƙirga tare. Dabarar da ta ci, rubuta ta a fayil saboda mai aikin dare.