Babi na Bakwai: Kwamfutocin Gida na Farko da Dabarun da Masu Su Suka Koya wa Juna

A watan Janairun 1975 wata mujallar masu harkar lantarki a Amurka ta buga hoton wata na'ura mai suna Altair 8800. Kuɗinta wajen dala 400 ne, kuma a warwatse ake aiko ta, mai saye ya zauna da dalma ya haɗa abinsa. Ba ta da wurin buga rubutu, ba ta da allon kallo, sai jerin makunnai da 'yan jajayen fitilu a gaba. Ƙwaƙwalwarta harafi 256 kacal take ɗauka, ko wannan sakin layi ba za ta iya riƙewa ba.

Wanda ya saya ba shi da shagon gyaran da zai nufa, don haka masu wannan sha'awa suka fara neman juna. Ranar 5 ga Maris 1975 wasunsu suka taru a garejin Gordon French da ke Menlo Park a jihar Kalifoniya, aka kafa ƙungiyar Homebrew Computer Club. A wajen taro kowa ya tashi ya faɗi abin da yake da shi da abin da ya gagare shi, daga nan a watse ana musayar kaya da shawara. A nan Steve Wozniak ya nuna Apple I, kwamfutar da ya ƙera, a 1976. A nan kuma aka riƙa kwafar manhajar BASIC ta Altair, wato harshen da ake ba na'urar umarni da shi, ana rabawa kyauta, har Bill Gates, wanda kamfaninsa ya rubuta manhajar, ya rubuta musu wasiƙa a farkon 1976 yana cewa wannan sata ce. Bayan haka Apple II ta fito a 1977, IBM PC a 1981, Commodore 64 da ZX Spectrum a 1982, ƙungiyoyi irin wannan kuwa suka bazu a Amurka da Turai.

Dabarun da ke cikin wannan babi daga wajen waɗannan mutane suka fito. An jera su yadda su ma suke bin matsala: a fara da wuta, sannan haɗin kaya, sannan abin da aka ajiye aiki a kansa, sai a ƙarshe a duba abin da hannu ya rubuta.

Wuta

Kada ku jona tsohuwar kwamfuta da wuta sai kun karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu ta Najeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 230. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur suna da ɗan jan makunni a baya, kusa da inda wayar wuta ke shiga, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗayan 230. Idan yana kan 115 kuka jona a soket ɗinmu, za ku ji ƙara, ku ga hayaƙi, akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar ya tafi ke nan. Ku tura shi zuwa 230 da bakin sukudireba tun waya ba ta shiga soket ba. Wadda ba ta da wannan makunni, kuma 120 kaɗai aka rubuta mata, sai da taransifoma mai rage wuta.

Commodore 64 tana da nata ciwon daban. Akwatin wutarta a waje yake, yana ba da bolt 5 ta hanya ɗaya da bolt 9 ta wata. Idan ya tsufa, hanyar bolt 5 takan riƙa hawa ba tare da wata alama ba, har ta ƙone ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Shawarar masu ita ita ce a auna akwatin da mita tukuna. In ya nuna tsakanin 4.9 da 5.2, babu laifi. In ya doshi 5.5, a ajiye shi a nemi wani.

Abu biyu ba na ɗan koyo ba ne: buɗe akwatin wuta, da buɗe allon kallo mai ƙusumbi irin na tsohuwar talabijin. Wannan allo yakan riƙe wuta mai ƙarfin gaske ko bayan an zare shi daga soket. A bar wa mai gyaran talabijin.

Ta kama wuta amma ba ta tashi ba

IBM PC da masu kama da ita suna binciken kansu duk lokacin da aka kunna su, kuma sukan faɗi abin da suka gani. Ƙara ɗaya gajera, lafiya lau. Ɗaya doguwa da biyu gajeru, matsalar tana wajen katin da ke aika hoto zuwa allo. Idan lamba ta fito a allo, ku rubuta ta: a na'urorin IBM 201 ƙwaƙwalwa ce, 301 allon buga rubutu, 601 wurin sa faifai. Sau da yawa 301 ba komai ba ce illa maɓalli ɗaya da ya maƙale, ko filogi da bai shiga sosai ba.

A cikin akwatin kwamfutar za ku ga ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu da yawa, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira IC. A tsofaffin na'urori da yawansu a soke suke cikin mazauni, ba a liƙe su da dalma ba. Na'ura ta yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce, sannu a hankali ƙwayar tana ɗagowa har wata ƙafar ta daina taɓawa. Maganin ba ya cin ko kwabo. Ku zare wuta, ku taɓa ƙarfen akwatin da hannu don ku sauke lantarkin da ke jikinku, sannan ku danna kowace ƙwaya da babban yatsa. Wadda ta ɗago za ku ji ta ce ƙas. Taɓa ƙarfen nan ya fi zama dole a lokacin hunturu, domin busasshiyar iska tana tara wa jiki irin lantarkin da kan yi tartsatsi in an taɓa ƙofar mota, shi kuwa ya isa ya kashe ƙwaya. Katunan da ake sokawa a tsaye, idan haƙoransu masu ruwan zinariya sun dushe, a zare a goge su a hankali da robar goge fensir, a share da auduga da sifirit, a mayar.

Kwamfutar da kullum take mance kwanan wata ta koma 1980, batirin agogonta ne ya mutu. In irin mai faɗin kwabo ne, lamba CR2032, bolt 3, a cire a sa sabo. In kuwa irin mai siffar ƙaramar ganga ne da aka liƙe da dalma a allunan cikin kwamfutocin da ake kira 386 da 486, a yanke shi yau ɗin nan, domin yana tsiyayar da wani ruwa mai cin hanyoyin tagulla. Alamarsa kore-kore ko shuɗi-shuɗi a kewayensa. A wanke wurin da ɗan ruwan khal, a bi da sifirit, a bari ya bushe sarai.

Ƙa'idar da duk tsofaffin hannu suka yarda da ita: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a kunna a gani, a rubuta a littafi. Wanda ya canza abu uku na'ura ta tashi, bai san wanne ne ya yi maganin ba.

Kaset da faifai

Kwamfutocin gida na farko a kaset ɗin rikoda suke ajiye aiki, irin wanda ake ɗaukar wa'azi da shi. Bayanin yana komawa sauti ne, wani ƙugi mai kashe kunne. A Spectrum, rikodar gida ake jonawa da waya, kuma babban shiri, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, yakan ci wajen minti biyar kafin ya shiga. Idan ya katse a tsakiya, abu uku ake dubawa. Na farko ƙarfin murya: a fara da kashi uku cikin huɗu, a riƙa ƙarawa ko ragewa kaɗan-kaɗan. Na biyu datti a kan ƙarfen da zaren kaset ke gogawa: auduga da sifirit. Na uku karkacewar wannan ƙarfe: akwai ɗan ƙaramin noti a gefensa, ana juya shi a hankali kaset na tafiya, har sautin ya fito tas. Gajerun kaset aka fi so, domin masu minti 90 da 120 zarensu siriri ne, yana miƙewa. Kuma ana ajiye kowane aiki sau biyu, a rubuta lambar da ma'aunin rikoda ya nuna a farkon kowanne.

Faifai mai laushi ya zo da sauƙi. Mai inci 5 da kwata na IBM yana ɗaukar kilobait 360 (kilobait ɗaya kusan harafi dubu ne), mai inci 3 da rabi yana kaiwa 720 ko 1,440. Wurin da mutane ke ruɗewa shi ne kulle faifai don kada a goge abin da ke ciki, domin su biyun kishiyoyin juna ne. Babban, akan toshe tsagar da ke gefensa da ɗan salatif. Ƙaramin kuwa, sai an buɗe 'yar tagar da ke kusurwarsa ya kullu. Maganaɗisu yana shafe faifai, saboda haka ba a ɗora shi kan lasifika. Ba a barinsa a rana, ba a taɓa baƙin cikinsa da yatsa, kuma akan rubuta suna a takardar kafin a manna ta, don tsinin biro yana lotsa babban faifai.

Musayar faifai ce ta yaɗa manhaja, ita ce kuma ta yaɗa cuta. A 1986 wata cutar kwamfuta mai suna Brain ta fito daga Lahore a Pakistan. Tana ɓuya a sashen farko na faifai, wanda na'ura ke karantawa in an kunna ta, daga nan ta kama duk faifan da aka soka ba a kulle ba. Dalilin ke nan da ya sa ake kulle faifai kafin a ba da aro, kuma ba a kunna na'ura da faifan wani a ciki.

Rubuta shiri da BASIC

Ba sai kun mallaki tsohuwar na'ura ba. Akwai manhajar kyauta mai suna VICE da ke mayar da kwamfutar yau tamkar Commodore 64. Malamin aji ya buɗe ta, za ku ga shuɗin allo da kalmar READY. Ku buga wannan, kuna danna babban maɓallin shigarwa a ƙarshen kowane layi:

10 INPUT "MUDU NAWA";M
20 INPUT "NAWA NE MUDU DAYA";K
30 PRINT "JIMILLA";M*K
40 GOTO 10

Sai ku buga RUN. Layi na 10 yana tambaya, ya ajiye amsa a wurin da muka sa wa suna M. Na 20 ya ajiye kuɗi a K. Na 30 ya ninka su, domin tauraro shi ne alamar sau. Na 40 ya mayar da ita farko. Mun rubuta DAYA da D mara lanƙwasa saboda waɗannan na'urori ba su da ɓ, ɗ da ƙ.

Wannan shiri ba shi da ƙarshe, tambaya zai yi ta yi. A nan za ku ga amfanin tsallake lambobi goma-goma. Ku tsayar da shi, malami zai nuna muku maɓallan RUN/STOP da RESTORE da ake dannawa tare, sannan ku buga:

15 IF M=0 THEN END

Ku buga LIST, za ku tarar sabon layin ya shige tsakanin 10 da 20 da kansa. Yanzu duk wanda ya amsa da sifili, shirin ya tsaya. Da a ce 1, 2, 3, 4 muka lambata, da babu gurbin da za a cusa shi.

Kurakuran da aka fi yi kaɗan ne, amma kowa sai ya faɗa cikinsu. Harafin O da sifili ba ɗaya ba ne, haka harafin I da lamba 1. Manta alamar buɗe zance ko sa wata alama a gurbin wata yakan jawo ?SYNTAX ERROR tare da lambar layin, sai a yi LIST a duba harafi-harafi. In aka tambaye ku lamba kuka buga kalma, za ta ce ?REDO FROM START. Mafi haɗari shi ne waƙafi a cikin kuɗi. Wanda ya buga 1,500 na'ura za ta ɗauki 1 kawai, ta rubuta ?EXTRA IGNORED, ta ci gaba da lissafi, mudu goma ya tashi naira goma. A buga 1500 a haɗe.

Sai batun suna. Commodore 64 haruffa biyu na farko kaɗai take dubawa. Idan kuka sa MASARA=50, kuka kuma sa MAI=20, a wajenta duk MA ne, kuma in kun tambayi MASARA za ta ce 20, ba tare da ta nuna an yi kuskure ba. Wani sunan ma ba ta karɓa sam. GORO=5 zai jawo ?SYNTAX ERROR, domin a cikinsa akwai GO da OR, dukansu kalmomin umarni ne a wajenta. Shi ya sa tsofaffin shirye-shirye suka cika da sunaye masu harafi ɗaya ko biyu, mai shirin kuma ya rubuta ma'anar kowanne a takarda.

A wancan zamani mujallu kan buga shiri mai shafuka da dama, mai karatu ya kwafa da hannu. Dabarar da ta fi aiki ita ce mutum biyu: ɗaya na karantawa da ƙarfi, har da kowace alama, ɗaya na bugawa, kuma bayan kowane layi ashirin a ajiye a kaset saboda ɗaukewar wuta.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya karanta ɗaya ya buga shirin nan har da layi na 15. Ku gwada mudu 12 a kan 1500, ku rubuta amsar a littafi, ku sake gwadawa da 1,500 ku rubuta abin da ya fito. Daga nan ku ƙara layi na 25 da zai tambayi kuɗin dako ya ajiye a D, ku gyara layi na 30 yadda zai haɗa shi cikin jimilla. Alamar tarawa ita ce +, kuma don gyara layi, sake buga shi ake yi da lambarsa, sabon ya maye gurbin tsohon.