Yadda ake haɗa gajeren fim na bishara da wayar hannu a Kumasi

Yaron da ya tashi a Aboabo ko Asawase ya sha kallon finafinan Kumawood, wato waɗanda ake shiryawa a Kumasi, ya ga mayya ta rikiɗa ta zama tsuntsu, ya ga wuta tana fita daga tafin hannun boka. Saboda haka, matasan ikilisiya, in kun yi niyyar isar da bishara ta hanyar fim, kada ku ɗauka walƙiyar kwamfuta ce za ta riƙe shi. Labarin ne zai zaunar da shi, dabarun hoto kuwa aikinsu su taimaka wa labarin.

Ku fara da zaɓen labari, kuma shawarata ita ce ku ɗauko daga misalan da Yesu Almasihu ya bayar. Akwai ɗan da ya karɓi gādonsa ya tafi ya ɓatar, a Luka 15, da Basamariyen da ya tsaya wa wanda 'yan fashi suka ji wa rauni, a Luka 10. Amfanin misali biyu ne. Gajere ne, minti uku zuwa biyar ya ishe shi. Sannan ba sai kun sa wani ya fito a matsayin Yesu ba. Mu da muke zaune a zango mun san maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, kuma nuna fuskar annabi a fim yana ɓata musu rai ƙwarai. Ban ga dalilin rufe ƙofar mutum tun kafin ya ji abin da kuka zo da shi ba.

Sai ku kawo labarin gida. Ɗan nan zai iya sayar da rabonsa na shagon mahaifinsa a kasuwar Kejetia, ya nufi Accra da abokan banza, ya ƙare a ramin galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, babu ko kuɗin koko da ƙosai. Amma wurin da uban ya hango shi daga nesa ya ruga ya rungume shi, ku bar shi yadda Littafi Mai Tsarki ya faɗa, ku ba shi lokaci, don nan ne zuciyar labarin. Ku rubuta komai a shafi ɗaya ko biyu, da Hausar da ake yi a layinku, ba ta kan mumbari ba.

Wajen ɗauka, sauti ya fi hoto wahala a garin nan. Hon na motar haya trotro, ƙarar keke mai ƙafa uku pragya, lasifikar mai talla, duk za su shiga. Ku nemi ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga, ku fita da sassafe ko bayan la'asar lokacin da hasken rana ya yi laushi. In a WhatsApp ko TikTok za ku yaɗa, ku riƙe wayar a tsaye. In a bango za ku haska, ku kwantar da ita. Ku nemi izinin duk wanda fuskarsa za ta fito, yara kuma sai iyayensu sun yarda.

Yanzu dabarun hoto. Mafi sauƙi shi ne koren ƙyalle. Ku sayi yadi kore marar sheƙi, ku goge shi, ku miƙe shi a bango ba tare da ya yamutse ba, haske ya same shi daidai ta kowane gefe. Ɗan wasa ya tsaya kamar taku uku daga ƙyallen don inuwarsa kada ta faɗa a kai, kuma kada ya sa tufa mai kore. Manhajojin CapCut da KineMaster duk suna cire koren a waya su sa hoton da kuka zaɓa a bayansa; mai kwamfuta zai samu DaVinci Resolve kyauta.

Amma na fi son dabarar da ake yi da hannu. Ku duba misalin magina biyu a Matiyu 7. Ku gina ƙananan gidaje biyu da kwali da laka, ɗaya a kan dutse, ɗaya a kan tarin yashi. Ku ajiye wayar a ƙasa daf da su, ku saita ta a kan ɗauka mai tafiyar hawainiya, wani ya riƙa zubo ruwa ta rariya, wani ya kwararo bokiti daga gefe. In kun ɗora ƙarar tsawa a kai, mai kallo zai ga ambaliya ta gaske tana cin gida.

Abu ɗaya nake roƙonku da shi: kada ku taɓa amfani da waɗannan dabaru ku ƙirƙiri mu'ujiza a taron addu'a, ku yaɗa kamar ta faru. Ƙarya ce, kuma ranar da aka gano, za a haɗa har da gaskiyar da kuke faɗa a yi watsi da ita.

Bayan haɗawa, ku sa fassarar Twi ko Turanci a ƙasan hoton, ku tura wa mutum biyar da ba 'yan cocinku ba, ku tambaye su abin da suka fahimta. In sun kasa ba da labarin da bakinsu, ku koma ku gyara.

In majigi za ku yi a fili, ku fara gaida mai unguwa ko sarkin zango ku faɗa masa abin da za ku nuna. Ku kauce wa lokacin sallar magariba da isha, ku rage ƙarar lasifika, ku tanadi janareto saboda dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki. Fim ya ƙare, kada ku yi saurin naɗe waya da kwashe benci. Dattawa biyu ko uku, maza da mata, su zauna a gefe, don mai tambaya yakan jira sai jama'a sun ragu kafin ya matso.